Ƙarfe Tsakanin Harshe da Haƙori: Jawabi ga Malamai da Iyaye

 Mu malaman firamare ne kamar yawancinku, ba mu karanci likitanci ba. Amma in ban da uwayen da suka haife su, babu wanda ya kai mu kallon bakin yara. A gabanmu suke famfara, a gabanmu haƙoran girma suke fito musu, mu ne kuma muke cewa yaro ya buɗe baki ya maimaita har sai harafi ya fita daidai. Saboda haka idan wani abu ya taso yana neman ɓata wannan baki, muna ganin muna da hurumin magana a kansa.

Hausawa na cewa tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Saɓanin da suke nufi na ɗan lokaci ne: mutum yana cin tuwo ya ciji harshensa, ya yi tsaki, kafin jibi ya manta. Abin da za mu yi magana a kai yau saɓani ne da ba ya ƙarewa, domin an ɗauko ƙarfe an zaunar da shi a tsakanin su biyun, dare da rana. Muna nufin yayin huda harshe da leɓe a saka musu barima, wanda ya fara shigowa cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu, musamman 'yan mata.

Ga abin da ya jawo hankalinmu. A hutun da ya wuce wata tsohuwar ɗalibarmu ta zo gaishe mu, yarinyar da muka koya wa baƙaƙe da wasula a aji ɗaya, yanzu tana babbar makaranta. Tun daga gaisuwa muka ji maganarta ta sauya, kamar mai alewa a baki, tana kuma yawan kai gefen mayafi tana rufe bakin. Da wata magana ta ba ta dariya sai muka hango ɗan dunƙulen ƙarfe yana walƙiya a tsakiyar harshenta. Ta ce su huɗu suka je da ƙawayenta, a ɗakin wata mai kitso da lalle aka yi musu, ɗaya bayan ɗaya. Wata bakwai ke nan, mahaifiyarta ba ta sani ba. Can da ta saki jiki sai ta nuna mana wani turmin haƙorinta na ƙasa da ya ɓantare, ta ce ruwan sanyi yana damunta a wajen, ta tambaye mu: "Malam, zai gyaru da kansa?" A ranar ba mu da abin ce mata sai faɗa. Mun ce ba kyau, mun ce ba tarbiyya ba ce, ta sunkuyar da kai, ta yi sallama ta tafi da tambayarta. Wannan gazawa tamu ita ta sa muka koma muka yi karatu, muka kuma tambayi masu aikin haƙori. Abin da muka samo shi muka kawo muku.

Huda baki ba sabon abu ba ne a duniya. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani sassaƙaƙƙen dutse na mutanen Maya, daga ƙasar da ake kira Meziko a yau, wanda ya haura shekara 1,200, yana nuna wata matar sarki tana zura igiya mai ƙaya ta cikin harshenta domin zubar da jini a wajen bautarsu. A kudancin Habasha matan ƙabilar Mursi sukan tsaga leɓen ƙasa su saka faifan yumɓu, kuma akan cire haƙoran gaba na ƙasa domin faifan ya samu wurin zama. Irin na yanzu, na saka ɗan sandan ƙarfe mai dunƙule a kowane kai a bar shi a harshe don ado, ya bazu ne a Amurka da Turai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, ta hannun mawaƙa da masu fitowa a talabijin. Daga can wayar hannu ta ɗauko shi ta kawo mana har cikin ɗaki. A can ɗin ma ba a bar shi sakaka ba. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka tana gargaɗin mutane su guje shi, yankin Wels na Birtaniya kuwa tun daga shekarar 2018 ya mai da huda harshen wanda bai kai shekara 18 ba laifi a doka, ko da iyayensa sun yarda.

Hujjar farko da yarinya za ta kawo mana ita ce: ai an huda mini kunne tun ina jaririya, yayata ma tana da hujin hanci, mene ne bambanci? Tambaya ce mai ma'ana, ya kamata kuma mu iya amsa ta. Fatar kunne fata ce da ɗan kitse, ba ta motsi, a bushe take, iska na bugun ta, babu wani haƙori kusa da ita. Harshe kuwa tsoka ne tsantsa, haɗakar tsokoki iri takwas, cike da jijiyoyin jini da jijiyoyin ji da na ɗanɗano. Ba ya hutawa: da shi ake magana, da shi ake juya loma, da shi ake haɗiya, ko barci ake yi yana aiki. Kullum a jiƙe yake, domin baki yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Masana kuma sun gano ƙwayoyin bakteriya kimanin iri 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam. Muddin fatar cikin baki a rufe take, yawancinsu ba sa cutar da mu. Da zarar an huda ta, an buɗe musu ƙofa zuwa cikin nama da jini, aka kuma saka ƙarfe ya tokare ƙofar don kada ta rufu.

Bari mu fara da haɗarin kwanakin farko. Duk wanda ya koma gida ya ɗaga harshensa a gaban madubi zai ga jijiyoyi biyu masu duhu sun miƙe ta ƙarƙashinsa, ɗaya dama ɗaya hagu, a cikin naman kuma akwai waɗanda ido ba ya gani. Idan allura ta kauce ta sami ɗaya daga cikinsu, jini zai zuba sosai, kuma harshe ba wuri ne da ake iya ɗaurewa kamar yatsa ba. Idan jijiyar ji ta taɓu, wani sashe na harshen zai iya yin nauyi ya daina ji, ko ɗanɗano ya sauya, wani lokaci na 'yan makonni, wani lokaci har abada. Bayan haka sai kumburi. Duk harshen da aka huda sai ya kumbura na kwanaki, shi ya sa masu hujin suke fara saka dogon ƙarfe. A bayan harshe kuwa hanyar numfashi take. Kumburin da a hannu ko a ƙafa ba zai wuce damuwa ba, a nan yana iya toshe iska.

Akwai wani ciwo da wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya fara bayyanawa a shekarar 1836, har yau da sunansa ake kiran sa. Ƙwayoyin cuta ne suke sauka ƙarƙashin harshe su mamaye ƙasan baki, sai ƙasan haɓa da wuya su kumbura su yi tauri kamar katako, harshe ya turu sama da baya, mutum ya kasa haɗiyar yawunsa, daga nan numfashi ya fara gagara. Yawanci ruɓaɓɓen turmin haƙori ne ke jawo shi, amma likitoci sun sha ganin sa a bayan hujin harshe. Cikin sa'o'i yake tsananta, kuma idan ba a kai mutum asibiti da wuri ba yana kisa. An kuma rubuta labarin waɗanda ƙwayar cutar ta bi jini daga hujin ta je ta tara mugunya a ƙwaƙwalwarsu. Irin wannan ba ya faruwa da yawa, gaskiya ne, amma wanda ya faɗa wa bai da ruwa da lissafi.

Sai zuciya. A cikin zuciya akwai wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe don kada jini ya koma baya. Idan ƙwayoyin cuta na baki suka shiga jini, suna iya maƙalewa a jikin waɗannan ƙofofi su ci su, musamman idan dama suna da rauni. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A ƙasashenmu akwai yara da yawa da suka yi ciwon maƙogwaro suna 'yan firamare, ba a yi musu maganin da ya dace ba, daga baya ciwon ya bar musu tabo a ƙofofin zuciya, su da iyayensu babu wanda ya sani. Irin wannan yarinya za ta girma lafiya lau a ido, sai ranar da aka huda mata harshe. Haka nan mai sikila, da mai ciwon sukari, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, duk haɗarinsu ya fi na saura. Mai kitson da ta huda ɗalibarmu ba ta tambaye ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba ta ma san ana tambaya ba.

Kada mu manta da allurar kanta. Ɗalibarmu ta ce su huɗu aka yi wa, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma ta fi ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Mai ɗauke da ita zai iya shekaru bai ji komai ba, sai daga baya hanta ta ƙandare ko ta kamu da ciwon daji. Nau'in C ma ta jini yake bi, haka cuta mai karya garkuwar jiki, ga kuma ciwon sarƙe-haƙora da ke shiga ta rauni. Goge allura da auduga da sifirit, ko haska mata ashana, ba ya wadatarwa. A asibiti tukunyar tururi mai matsi ake amfani da ita, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, domin ƙwayar sarƙe-haƙora tana iya jure tafasasshen ruwa. A shekarar 2004 ne Najeriya ta shigar da rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar jarirai. Wannan na nufin mu da muke cikin shekarunmu na arba'in ba mu same shi a ƙuruciya ba, kuma a cikin waɗanda aka haifa bayan nan ma akwai da yawa da ba a kai su an kammala musu ba.

To, a ce an tsallake duk wannan. A ce an sami gwani mai tsafta, hujin ya warke cikin makonni huɗu zuwa shida ba tare da matsala ba. A nan ne mutane da yawa suke zaton an gama, alhali a nan ɓarnar da ta fi yawa take farawa, sannu a hankali. Mutum yana da haƙoran yarinta 20, suna zubewa na girma 32 su maye gurbinsu. Daga waɗannan babu na uku. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, amma yana da aibi guda: idan ƙashi ya karye yana ɗoruwa, idan fata ta yanke tana haɗewa, shi kuwa idan ya ɓantare ya tafi ke nan. Wannan ita ce amsar tambayar ɗalibarmu da muka kasa ba ta. Duk wanda ke da abu a baki sai ya yi wasa da shi, kamar yadda yaro ke taɓa haƙori mai girgiɗa da harshe. Mai barima a harshe yakan riƙa kaɗa ta a jikin haƙora, yana cizon ta, yana jan ta tsakanin haƙoran gaba, sau ɗaruruwa a yini ba tare da ya lura ba. Wata rana yana tauna, ƙarfen ya faɗa tsakanin turame, haƙori ya tsage. Idan tsagar ta kai ga jijiya, sai dai a yi aikin kashe jijiyar a yi wa haƙorin hula, ko a cire shi baki ɗaya.

Dasashi ma bai tsira ba. Dunƙulen da ke ƙasan harshe yana gogar dasashin bayan haƙoran gaba na ƙasa, faifan barimar leɓe kuma yana gogar na gabansu. Yau da gobe sai dasashin ya fara janyewa, saiwar haƙori ta fito fili. Saiwa ba ta da farin ɓawon nan mai kariya, don haka ruwan randa ma sai ya zama azaba, ruɓa kuma ta sami mashiga. Idan abin ya yi nisa, ƙashin da ke riƙe da haƙorin yana zaizayewa, haƙori ya fara girgiɗa a bakin budurwa 'yar shekara ashirin. Dasashin da ya janye ba ya dawowa da kansa, sai da aikin tiyata, kuma da yake ta ciki abin yake, ba a cika lura ba sai ya yi nisa. Ga dattin da ke taruwa a jikin ƙarfen yana kawo warin baki, ga arhar ƙarfen kasuwa mai sinadarin nikel da ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, ga tabon nan mai tudu da ke ta girma a wurin huji, wanda ya fi kama mu baƙaƙen fata. Dunƙulen kuma da zare aka ɗaura shi, yana iya kwancewa cikin barci a haɗiye shi, ko ya bi ta hanyar iska ya faɗa huhu. Mun san likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu a manyan birane, mun kuma san abin da albashin malami zai iya ɗauka. Hujin da aka biya kuɗin kati a kansa zai iya jawo aikin da albashin wata ba zai biya ba. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Akwai wata asara da mu malamai muka fi kowa sanin darajarta. Ku gwada furta waɗannan a hankali: ta, da, ɗa, tsa, la, na, ra. Dukkansu da kan harshe ake yin su, yana taɓa bayan haƙoran sama ko ɗan gaba da su. Hausa tana da ra iri biyu, ta rana da ta roba, kuma ɗan motsin kan harshe ne kaɗai ya raba su. Shekara nawa muke yi muna gyara wa yaro waɗannan, a karatun Hausa, da na Turanci, da na Larabci? Ƙarfe a harshe yana ƙara masa nauyi, yana ƙara yawu, yana sa magana ta riƙa sulɓewa. Wasu sukan saba daga baya, wasu kuma abin yakan bar musu alama. Ɗalibar da take ta ɗaya a karatu a bayyane, ita ce muka ji tana taunar gaisuwa.

Wani zai ce wannan matsalar 'yan sakandare da jami'a ce, ina ruwan malamin firamare? Ruwansa shi ne ƙananan yara kwaikwayo suke yi. A Ingila yara sun riƙa kallon hotunan bidiyo a TikTok, suna ɗaukar wasu 'yan ƙananan ƙwallayen maganaɗisu na wasa, su sa ɗaya a saman harshe ɗaya a ƙasa, su manne kamar huji na gaske. Da yawa suka haɗiye su, har a shekarar 2021 hukumar lafiya ta ƙasar ta yi kira da a hana sayar da su. Abin da ya sa maganaɗisu ya fi tsakuwa ko kwabo haɗari shi ne, idan biyu ko fiye suka shiga ciki, suna jan juna daga lungu daban-daban na hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya mutu ya huje. Yaro zai iya yini yana wasa kafin ciwon ciki da amai su fara. Duk yaron da aka sani ko ake zargin ya haɗiyi maganaɗisu, a kai shi asibiti nan take, kada a jira a ga ko zai fita a bayan gida. Abin da ya shiga waya ya riga ya kama hanyar unguwarmu, kuma mun san yadda yaranmu suke da saka dutsen ado da fil da murfin biro a baki.

'Yan uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu ɗaga murya a kan yaran zamani, mu waiwayi gidajenmu. Mu nawa ne a wannan zaure aka cire wa beli a makon haihuwa? Mu nawa muka kira wanzami ya cire wa namu 'ya'yan? Muna girmama wanzamai, sana'a ce ta gado, kuma sun daɗe suna yi wa al'umma hidima tun kafin asibiti ya zo. Amma beli ba ciwo ba ne. Kowane mai lafiya da shi aka haife shi, yana kuma taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. Yanke shi rauni ne a cikin baki, a wurin da ya fi harshe kusa da hanyar numfashi, a jikin jaririn da jininsa duka bai cika kwalbar lemo guda ba. Duk abin da muka lissafa na zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da ciwon hanta, da sarƙe-haƙora, yana nan a kansa. Jaririn da ya fara shan nono lafiya, bayan 'yan kwanaki ya kasa kama mama, jikinsa ya sandare, sau da yawa ƙarfe mara tsafta ne sanadi, ko a cibiya ko a baki. Haka nan masu goge lafiyayyen haƙori don a yi musu wushirya, da masu sa masa hular azurfa ko zinariya a hannun wanda ba likita ba, da masu manna wayar gyaran haƙori don ado kawai, alhali wayar tana jan haƙora ta raba su da mazauninsu. Idan muka hana yarinya nata muka riƙe namu, za ta gane cewa sabon abu muke ƙi, ba cuta ba, kuma ba za ta saurare mu ba.

Me ya kamata mu yi? Da farko mu koyar tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna da darasin kiwon lafiya a jadawali. Turmin girma na farko yana fitowa ne a wajen shekara shida, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya zube ba, shi ya sa iyaye da yawa suke zaton shi ma na famfara ne. Yaron aji ɗaya zai iya fahimtar cewa wannan haƙori nasa ne har tsufa. Mu sa su ƙirga haƙoransu, mu nuna musu yadda ake goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki, ko da asuwaki, mu faɗa musu cewa baki wurin abinci ne da magana, ba wurin ajiye ƙarfe ba. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, babu abin da zai hana kowace makaranta a wannan reshe ta gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi wa yara da iyaye bayani a taron iyaye da malamai.

Na biyu, idan muka tarar an riga an yi, mu fara da lafiya, faɗa ya biyo baya. Yarinyar da ke tsoron duka ita ce za ta ɓoye kumburi har ya kai ga wuya. Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne wurin da tsaftataccen ƙyalle, kumburin da ya sauko ƙasan haɓa, wahalar haɗiya ko numfashi, sauyawar murya, zazzaɓi, da mugunya. Ko tsakar dare ne, a nufi asibiti. Kada a tsaya sayen kafso a kemis, kada kuma a fizge ƙarfen da ƙarfi idan wurin ya riga ya yi ruwa, domin hujin harshe yana saurin rufewa, zai iya rufewa da mugunya a ciki. A bar ma'aikacin lafiya ya yanke shawara. Idan kuwa babu ciwo, mafi alheri a lallashe ta ta cire, ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a kai ta likitan haƙori ya duba dasashi da haƙora, a kuma yi mata gwajin ciwon hanta, a yi mata rigakafi idan ba ta da shi. Wadda ta girma ta fi ƙarfin umarninmu, ta kuma ƙi cirewa, aƙalla ta san gaskiya: ta daina wasa da shi a baki, ta cire shi lokacin motsa jiki, ta riƙa ganin likitan haƙori a kai a kai, ta kuma sani cewa duk wannan rage haɗari ne kawai.

Na uku, mu tambayi kanmu me ya kai ta. Yarinya ba ta miƙa harshenta ga allura don tana son ciwo. Tana son a ce ta waye, tana tsoron ƙawaye su bar ta a baya, tana son wani ya kalle ta ya ce ta yi kyau. Wannan buƙata ba sabuwa ba ce, iyayenmu mata ma sun yi lalle da kwalli da kitso, sun ci fure da goro don haƙora su yi ja. Idan a gida ba ta jin kalmar yabo, za ta neme ta a waya, wayar kuwa hoton ranar farko take nunawa, ba ta nuna dasashi bayan shekara uku.

Ɗalibarmu ta dawo, domin mun aika an kira ta. Wannan karon mun zaunar da ita, mun ba ta haƙuri kan yadda muka sallame ta, mun faɗa mata abin da muka faɗa muku yau. Da muka zo kan cewa haƙorin da ya ɓantare ba ya tsirowa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ita da kanta ta roƙi mu raka ta wajen mahaifiyarta. An cire ƙarfen, an cike haƙorin, gwajin jininta kuma ya fito lafiya. Amma likita ya nuna mata inda dasashin bayan haƙoranta biyu na ƙasa ya fara janyewa, wannan kuwa da shi za ta zauna. Sauran ƙawayenta uku har yanzu suna da nasu. Su ma wani malami ne ya koya musu baƙaƙe da wasula, wataƙila yana zaune a cikin wannan zaure. Muna roƙon kowannenmu, idan tasa ɗalibar ta zo gaishe shi, ya kasance yana da amsar da zai ba ta.

 Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya.